Kalandular daji a fakiti da kwalba: wanne ya cancanci saye, wanne ne ado kawai

Kayan da ake yi da furen kalandula iri huɗu ne suka fi yawa a shagunan magungunan tsirrai da kasuwannin intanet: busasshen fure a fakiti, mai a kwalba, man shafawa mai kauri a gwangwani, sai jiƙon itanol, wato sinadarin barasa, da ake ɗigawa. Wasu masu sayarwa na rubuta Calendula arvensis a jikin kayansu, wato kalandular daji, suna cewa ta fi ta lambu ƙarfi tunda ba hannun mutum ne ya shuka ta ba. Wannan sharhi a kan waɗannan kaya ne, kuma hukuncinmu a taƙaice shi ne: man da man shafawar suna da amfani na gaske a kan ƙananan matsalolin fata, busasshen furen ya dace da kurkure baki da wanke ɗan rauni, amma dogon jerin cututtukan da ake rubutawa a bayan fakiti ba shi da madogara. Mafi yawan abin da ake yabon ta dajin da shi, rawa take yi da bazar 'yar'uwarta ta lambu.

Tsiron kansa

Kalandular daji ciyawa ce mai rayuwar shekara ɗaya, asalinta ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, daga kudancin Turai zuwa arewacin Afirka da yammacin Asiya, ta kuma bazu har Ostireliya da Kalifoniya. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya ba ta sunanta na kimiyya a 1763, shekara goma bayan ya raɗa wa ta lambu suna Calendula officinalis. Inda take fitowa, manoma ciyawa suka ɗauke ta: gonakin inabi, ƙarƙashin itatuwan zaitun, gefen hanya, fegin da aka bari ya huta. Tsayinta bai cika wuce santimita 30 ba. Ganyenta dogo ne siriri, ba a rarrabe yake ba, yana da gashi-gashi da ɗan danƙo. Furenta ƙarami ne, yawanci santimita 1 zuwa 2 a faɗi, rawaya, da layi ɗaya na filayen gefe, wato ƙananan ganyen fure masu launi da ke kewaye da tsakiyarsa. Na ta lambu kuwa yakan kai santimita 4 zuwa 7, ruwan lemo, kuma irin da ake nomawa don magani filayensa a ninke suke layi-layi.

Wannan bambancin girma ba na ado ba ne kawai. Sinadaran da aka fi danganta rage kumburi da su a kalandula su ne na dangin faradiyol, kuma awon da aka yi a ta lambu ya nuna a filayen gefen fure suka fi taruwa. Tsakiyar furen tana da kaɗan, koren gindin da ke riƙe da furen kuwa ɗan burbushi ne kawai a ciki. Kundin ingancin magunguna na Turai ma ya ayyana furen kalandula na magani a matsayin wanda aka cire daga gindinsa, daga irin lambu mai ninkakkun filaye, kuma ya shar'anta sinadaran filabonoyid su kai aƙalla kashi 0.4 cikin 100. To a duba fakitin ta daji: kawunan fure ne ƙanana, koren gindi ya fi filayen nauyi. Giram ɗaya na wannan ba zai zo daidai da giram ɗaya na zallar filayen ta lambu ba. Maganar da ake yawan yi cewa danƙon gindin furen shi ne ainihin maganin, awon bai goyi bayanta ba.

Abin da aka gwada da abin da ba a gwada ba

Ta dajin ba fanko ba ce. Tana da sinadaran safonin nata na kanta, irin su arbensosayid A, wanda ya rage kumburin tafin ƙafar ɓeraye a gwaji, tana da filabonoyid da karotinoyid masu ba ta launi, kuma wasu sinadaranta sun hana ƙwayoyin bairos yaɗuwa a kwanon gwaji. Sai dai kwanon gwaji da ɓera ba jikin mutum ba ne. Gwajin da aka fi ambata a kan mutane shi ne wanda aka buga a Italiya a 2001, a kan mata 24 da aka yi wa tiyatar haihuwa. An shafa wa rabinsu wani haɗin mai sau biyu a rana na kwana 16, sauran kuma man ƙwayar alkama, sai raunin rukunin farko ya fi saurin tsukewa. Abin lura, kashi 30 cikin 100 ne kawai na haɗin ya fito daga kalandular daji, kashi 70 na wani tsiro ne daban, Hypericum perforatum. Mata 24 kuma ba su isa a yanke hukunci da su ba. Duk mai sayarwar da ya kafa hujja da wannan gwaji bai faɗi rabin labarin ba.

Ta lambu ce aka yi wa gwaje-gwaje masu nauyi, kuma ita ma sakamakon bai zo baki ɗaya ba. A birnin Lyon na Faransa, a wani gwaji da aka buga a 2004, an raba mata 254 masu ciwon dajin nono da ake yi wa gashi da na'urar haske zuwa rukuni biyu. Cikin masu shafa man kalandula, kashi 41 cikin 100 ne suka sami saɓar fata matsakaiciya ko mai tsanani, cikin masu shafa wani man magani mai suna tirolamin kuwa kashi 63. Amma a Suwidin, a gwajin da aka buga a 2013 da mata sama da 400, man kalandula bai fi man shafawa na yau da kullum ba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da furen ta lambu ne bisa daɗewar amfani da shi a gargajiyance, a kan abubuwa biyu kacal: ƙaramin kumburin fata kamar ƙunar rana da ƙananan raunuka, sai ƙaramin kumburin baki ko maƙogwaro. Ba ta ambaci ta dajin ba. Don haka idan fakiti ya lissafa gyambon ciki, ciwon hanta, rikicewar al'ada, ciwon suga ko ciwon daji, wannan talla ce, kuma tallar da za ta iya sa mara lafiya ya makara zuwa asibiti.

Busasshen fure

Nan ne aka fi samun algus, domin an fi sauƙin cakuɗa shi. Na kirki launinsa rawaya ne mai haske, ƙamshinsa kaɗan ne mai ɗan kama da ƙaro, idan aka murza gindinsa yakan karye ƙaras ya bar ɗan danƙo a yatsa. Idan ya koma fari-fari, haske ya cinye launin, alamar ya daɗe a leda mai nuna ciki. Idan tsakiyarsa ta yi baƙi ko yana warin fumfuna, ba a busar da shi sosai ba, kuma wannan zubarwa ake yi. Idan fakitin ya cika da ƙwayoyin iri, an makara wajen tsinka, furen ya riga ya wuce lokacinsa. Amma 'yan ƙwayoyi kaɗan suna da rana, domin su ne shaidar cewa kalandula ce: irinta lanƙwasasshe ne, wani ya naɗe zobe da ƙananan ƙayoyi a bayansa, wani mai faɗi da fiffike, wani dogo mai tsini.

Babban haɗarin shi ne fakitin da aka rubuta wa marigold kawai ba tare da sunan kimiyya ba. Sau da yawa abin da ke ciki Tagetes ne, furen ado ɗan asalin Meziko, wanda ba kalandula ba ne. Ana gane shi da wari mai hawa kai, da ganye a yayyanke kamar gashin tsuntsu, da irinsa miƙaƙƙe baƙi siriri mai farin gezar a kai. Yana ɗauke da sinadaran da kan sa fata ta yi ja idan rana ta taɓa ta bayan an shafa. Fakitin da bai rubuta Calendula ba, a bar shi a kan kanta.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi wa duk mai sayar da ta daji: a ina aka tsinko ta? Wurin da ta fi so shi ne gonar inabi da gefen titi, wato daidai inda ake fesa maganin ciyawa da na fumfuna, inda kuma hayaƙin mota ke sauka. Ba a wanke furen kafin a busar, don ruwa na ɓata shi. Abin da ya sauka a kai, da shi zai shiga kofi. A wannan fuska, wadda aka noma a gonar da aka sani ta fi wadda aka tsinto a daji aminci, ko da sunan daji ya fi daɗin ji a talla.

Yadda ake amfani da shi: giram 1 zuwa 2 a mililita 150 na tafasasshen ruwa, a rufe na minti 10, a tace da tsumma mai tsabta ko takardar tacewa. Rariya mai manyan ido ba ta isa ba, saboda ƙananan gashin furen na wucewa su yi ta sosa maƙogwaro ko su maƙale a rauni. Idan ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a kurkure baki da shi sau 2 zuwa 4 a rana a tofar, ko a jiƙa auduga a ɗora a wurin. Kullum a haɗa sabo. Jiƙon da ya kwana a buɗe ƙwayoyin cuta sun riga sun fara hayayyafa a ciki, kuma da shi za a wanke rauni. Ba a ɗiga shi a ido ko kaɗan, komai tacewar da aka yi masa.

Mai a kwalba

Wannan ne kayan da ya fi dacewa da tsiron, saboda faradiyol a mai yake narkewa, ba ya fita sosai a ruwa. Ruwa filabonoyid da safonin yake ja. Ma'ana shayi da mai ba magani ɗaya ba ne ko da daga fure ɗaya suka fito, kuma wanda ke neman lafar da jan fata ko kaushi, mai ya kamata ya nema.

A jikin kwalba a nemi abubuwa uku: sunan kimiyyar furen, irin man da aka jiƙa shi a ciki, da yawan fure a kan mai. Ma'aunin da aka sani shi ne 1 zuwa 10, wato giram 10 na busasshen fure a giram 100 na mai kamar na zaitun. Kwalbar da ta yi shiru a kan wannan, mai yiwuwa furen da ya shiga kaɗan ne. Launi ba shaida ba ne. Man ta daji rawaya ne mara ƙarfi, don furenta bai kai na lambu launi ba. Idan aka ga mai ruwan lemo jajir an kuma ce na ta daji ne, a karanta jerin kayan haɗi, galibi za a tarar an ƙara karotin ko man karas. Kwalba mai duhu ta fi fara, don haske na lalata launin da man gaba ɗaya. Gizo-gizo ko ɗigon ruwa a ƙasan kwalba alama ce an jiƙa ɗanyen fure.

Wanda ya sami fure mai kyau zai iya haɗa nasa, kuma sau da yawa ya fi na sayarwa. Ana tsinkar furen da hantsi bayan raɓa ta bushe, lokacin da ya buɗe sosai, domin yakan rufe da dare da ranar hadari. A baza shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a tara shi tsibi, zafi kada ya wuce digiri 40. Filayen kan bushe cikin kwana biyu ko uku, su yaudari mutum, alhali gindin yana riƙe da ruwa har mako guda ko fiye. Sai gindin ya karye a hannu sannan ya bushe. Kusan duk man da ya lalace a gida, daga nan matsalar ta faro: ruwan da ya rage a gindi yakan sauka ƙasan kwalba, fumfuna ta kama, man ya yi wari. Bayan bushewa, a ɗan murmushe furen, a zuba giram 20 a busasshiyar kwalba, a bi da giram 200 na mai har ya shanye kansa, don duk abin da ya leƙo sama da mai shi ne zai fara ruɓewa. A rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi mara hasken rana na mako 4 zuwa 6, ana girgizawa lokaci-lokaci. Mai gaggawa zai iya ɗora kwalbar cikin ruwan zafi na digiri 45 zuwa 50 na awa 3 zuwa 4. Idan furen ya fara ƙara yana kumfa, soyuwa yake yi, an ɓata shi. A tace, a bar shi ya kwana, washegari a tsiyaye na sama a bar laka a ƙasa.

Man shafawa mai kauri

Na kirki kayan haɗinsa ba su da yawa: man kalandula, kakin zuma ko basilin, wani lokaci da ɗan bitamin E don ya daɗe. Kwamitin masana magungunan tsirrai na Jamus ya ba da ma'aunin giram 2 zuwa 5 na fure a giram 100 na man shafawa. A jerin kayan haɗi ana fara rubuta wanda ya fi yawa ne, a gangara zuwa ƙasa. Idan sunan kalandula ya zo can ƙarshe bayan turare da maganin hana lalacewa, hoton furen da ke kan murfi ya fi abin da ke ciki yawa. Wanda aka rubuta wa lambobi irin D6 ko 6X kuwa haɗin homiyofati ne, an tsarma shi har kashi ɗaya cikin miliyan, kada a ɗauke shi daidai da jiƙon fure. Mai turare shi ma a guje shi, domin fatar da ta riga ta yi ja turare ƙara tunzura ta yake yi, sai a ɗora wa furen laifin da ba nasa ba.

A gida, giram 20 na kakin zuma a mililita 100 na man kalandula yana ba da kauri matsakaici. A narkar da kakin a kwano bisa ruwan zafi, a zuba man, a juya, a ɗiga kaɗan a cokali mai sanyi a gani. In ya yi tauri a ƙara mai, in ya yi ruwa a ƙara kaki. Kada a rufe gwangwanin sai ya huce, in ba haka ba tururi zai taru a murfi ya ɗiga ciki.

Inda yake aiki sosai: faso da kaushi, tsagewar leɓe, hannun da sabulu ya busar, gogewar fata, ƙujewa mara zurfi da ta daina jini, ƙunar rana mara ƙwarji. A shafa siriri sau 2 zuwa 4 a rana a kan fata mai tsabta. Gaskiya ita ce wani kaso mai tsoka na wannan amfani daga man da kakin ne, don suna hana fata rasa ruwa, furen ƙari ne a kai. Aibinsa maiƙo: yana ɓata tufafi da rawaya, yana da wuyar shimfiɗawa a fatar da ke ciwo, kuma ko a gwajin Lyon mata da dama sun koka da hakan.

Inda yake cutarwa ya fi muhimmanci a sani. Rauni mai zurfi, huda ta ƙusa ko ƙaya, cizon dabba, miki mai mugunya ko mai tsattsafo da ruwa, duk ba wurinsa ba ne. Maiƙon yakan rufe bakin raunin, ƙazanta ta kasa fita, sama ya yi kamar ya warke alhali ƙasa na ruruwa. Huda da cizo suna buƙatar wanki a asibiti da duba batun allurar tetanus. Sabuwar ƙuna ta wuta ko ruwan zafi, ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata na minti 20, ba mai ba. Wadda ta kai faɗin tafin hannu, ko ta fuska, ko ta yaro ƙarami, asibiti za a nufa. Mai ciwon suga da ya ga miki a ƙafa kada ya ɓata ko kwana ɗaya yana shafe-shafe.

Jiƙon itanol

Shi ne mafi ƙarancin buƙata cikin huɗun ga mai amfanin gida. Yawanci 1 zuwa 5 ake haɗa shi da itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 90, kuma dole a tsarma shi, kaso ɗaya a aƙalla kaso uku na ruwan da aka tafasa ya huce, kafin ya taɓa fata. Zallarsa na yin zugi yana kuma ƙona sabon naman da ke tasowa a rauni. Fa'idarsa ɗaya ita ce yana daɗewa bai lalace ba.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Kalandula 'yar gidan furen kamomil ce da anika da kirisantimom. Wanda ɗaya daga cikinsu ke sa shi ƙaiƙayi, atishawa ko borin jini, ya nisanci duk kayan nan. Kowa ma ya fara gwadawa: ɗan kaɗan a cikin damtse ko bayan kunne, a jira awa 24 zuwa 48. Ja, ƙuraje ko ƙaiƙayi na nufin a daina. Hukumar magunguna ta Turai ba ta ba da shawarar shafa shi ga yaro ƙasa da shekara 6 ba, ko kurkure baki ga ƙasa da shekara 12, saboda ƙarancin bayanai, kuma saboda wannan dalilin ne ake ce wa mai ciki da mai shayarwa su bar shan jiƙonsa. Idan an yi mako guda ba sauƙi, ko wurin ya ƙara ja da zafi, ya kumbura, ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, a ajiye gwangwanin a ga likita.

Tsakanin kwalba biyu, ɗaya ta daji ɗaya ta lambu, in duk sun bayyana ma'auninsu, ta lambu muke ba da shawara, don ita ce aka auna aka kuma san iyakarta. Ta dajin ta dace da wanda take fitowa kusa da shi a fili mai tsabta kuma zai iya tsinka ya busar da kansa, sai dai ya ƙara yawan furen a kan ma'aunin da aka saba, ko ya zauna ya fige filayen ya bar gindin, aikin da ke cin lokaci saboda ƙanƙantar furen. Busasshen fure a rufaffiyar kwalba cikin duhu yakan riƙe ingancinsa kimanin shekara guda, mai da man shafawa na gida wata 6 zuwa 12 gwargwadon man da aka yi amfani da shi. Na zaitun ya fi na ƙwayar furen sanfulawa jure ajiya. A rubuta ranar haɗawa a jikin murfi, a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta maimakon yatsa, kuma da zarar ƙamshin ya juya zuwa na tsohon fenti, man ya lalace, shafa shi a fata mai ciwo ƙara mata kumburi zai yi.